Risala a Kan Mayen Littafi da Yaron da Ya Tashi a Ƙasar Wasu

Ka sani, ya kai mai neman bayani, Allah ya buɗa mana ƙwaƙwalwa baki ɗaya, masu riƙe littafi a hannu kashi uku ne, amma biyu daga ciki ba su kai a ɓata musu tawada ba. Na farko mai karatun jarrabawa, wanda ciwonsa kan warke da kansa ranar da ya miƙa takardar amsa. Na biyu mai karatun a-gan-ni, shi kuwa lafiyarsa ƙalau, littafin ne ke shan wahala a hammata. Na ukun shi ake kira maye, kuma a kansa za a yi magana.

Babbar alamar maye ita ce sayen sabon littafi alhali na bara yana nan cikin ledarsa ba a ɓare ba. In an yi masa faɗa ba ya musu, sai dai ya jawo magabata, su kuwa ba su bar shi hannu rabbana ba. Al-Jahiz na Basra, wanda ya rasu wajen shekarar 868, an ruwaito cewa yakan kama hayar shagunan masu sayar da littattafai ya kwana ciki yana karatu, kuma labarin da ya shahara a kan ajalinsa shi ne littattafansa ne suka rufto masa. Sauran jama'a na ɗaukar wannan gargaɗi ne. Mayu na ɗaukarsa kyakkyawan ƙarshe. Shehu Ahmad Baba na Timbuktu, da sojojin Maroko suka tafi da shi Marrakesh a 1594, ya koka cewa an wawushe masa littattafai 1,600, ya kuma ƙara da cewa a cikin mutanensa shi ne mai mafi ƙarancin littafi. Wannan ƙarin maganar ita ta nuna Shehin ya san ciwon daga ciki. A zamaninmu Umberto Eco na Italiya ya tara kimanin 30,000 a gidansa na Milan, baƙi suka dame shi da tambayar ko ya karance su duka, har sai da ya rubuta maƙala a kan tambayar. Kowane maye ya san tambayar nan. A ƙasarmu surukai ne ke da alhakin yin ta.

An yi ittifaƙi cewa maye ba ya karanta littafi ɗaya a lokaci ɗaya. Akwai na gefen katifa, akwai na aljihu don layin banki da layin mai, akwai kuma wani mai kauri da ake ajiyewa a falo, wanda aikinsa shi ne ya sa baƙo ya rage surutu. Inda aka yi saɓani shi ne alamar shafi. Mazhaba ta farko ta halatta lanƙwasa kunnen takarda, hujjarta kuwa da kuɗin mutum aka saya. Ta biyu tana ganin wannan zalunci ne, sai dai a soka tsinken tsintsiya, ko katin wayar da aka kankare, ko katin ɗaurin auren da ba a je ba. An sha zama don sasanta su ba a dace ba. Abu guda da suka haɗu a kai shi ne, mai kife littafi a buɗe a kan tabarma har gadon bayansa ya karye ba ya cikin kowace mazhaba, kuma ba a ba shi aro.

Maƙiyan littafi a ƙasarmu sanannu ne: gara, ɗigar rufi da damina, hunturun da ke busar da gam har shafuka su fara zuba, da ƙaramin yaro mai biro. Duk waɗannan da maganinsu. Wanda ba shi da magani shi ne aboki mai cewa “jibi-jibin nan zan dawo maka da shi.” Masu shagunan hayar littattafan soyayya a Kano ne suka gano bakin zaren tun shekarun 1990: ka biya kuɗin kwana, in ka ƙara kwana ka ƙara kuɗi, sai ga littafi yana komawa gida da ƙafarsa. Maye ba zai iya yi wa abokinsa haka ba saboda kunya, don haka yakan rubuta sunansa a shafin farko da na ƙarshe da gefen takardu. Wannan bai taɓa dawo da littafi ba, amma yana taimaka wa wanda ya riƙe ya san wa zai saka a addu'a.

Mas'ala: shin ya halatta a bar littafi ba a kai ƙarshensa ba? Daniel Pennac, wani malamin makaranta Bafaranshe, ya jera haƙƙoƙin mai karatu guda goma a littafinsa Comme un roman na 1992, cikinsu har da tsallake shafi da ajiye littafi a tsakiya. Nancy Pearl, ma'aikaciyar laburare a Seattle ta Amurka, ita da lissafi ta zo. A ba littafi shafi 50, in bai kama ka ba ka sallame shi. In kuwa ka haura shekara 50, ka cire shekarunka daga 100, abin da ya rage shi ne shafukan da littafin ke bin ka. Ɗan shekara 70 ke nan shafi 30 ne a kansa. Ƙa'ida ce mai kyau, sai dai a wurinmu tana buɗe ƙofar rikici, domin mutum yakan kasance da shekarun gida da shekarun aiki, kuma tsakaninsu akan samu babi guda cur.

Kowane maye da fanninsa. Wani na yaƙi, wani na 'yan sandan ciki, wani na tarihin sarakuna. Fannin mai wannan risala shi ne ƙagaggen labarin yaro ko yarinyar da iyaye suka ɗauka suka kai wata ƙasa, ko suka haifa a can, ya tashi da harshe biyu da kunya iri biyu. Masana adabin Turai kan kai salsalar labarin tasowa ga Goethe na Jamus, wanda a 1795 da 1796 ya fitar da labarin Wilhelm Meister, saurayin da ya bar kasuwancin mahaifinsa ya bi 'yan wasan kwaikwayo, ya tafka kurakuransa, sannan ya zama mutum. Abin da 'ya'yan baƙi suka ƙara a kai shi ne jami'in shige da fice, kuma jami'in nan ya fi kowane farfesa tasiri a fannin. Tsakanin 1892 da 1954 mutum fiye da miliyan 12 suka bi ta tsibirin Ellis suka shiga Amurka, akasarinsu daga Turai, sai aka samu labaran 'ya'yan Yahudawa da na Italiyawa a lungunan New York. A 1924 aka ƙuntata ƙofa da dokar kaso. A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta soke kason, sai likitoci da injiniyoyi daga Indiya da Koriya da sauran wurare suka fara sauka da akwatuna da jarirai. A Ingila ma jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke mutanen Karibiyan a Tilbury a 1948, na Indiya da Pakistan da Bangaladash suka biyo baya. Iyaye suka shiga aiki, jariran suka shiga kallo.

Daga nan aka ciro abin da za mu kira Dokar Nuna. Littafi irin wannan daddawa ne, sai an rufe shi ya kwana biyu kafin ya yi ƙamshin da zai dami maƙwabta. Duba lissafi. An kai Junot Díaz New Jersey a 1974 bai wuce shekara shida ba, The Brief Wondrous Life of Oscar Wao ya fito a 2007, shekara 33 ke nan. An sauke Ocean Vuong a Hartford a 1990 yana ɗan shekara biyu, On Earth We're Briefly Gorgeous ya fito a 2019, shekara 29. Edwidge Danticat kuwa, da ta bar Haiti a 1981 tana da shekara 12, ta fitar da Breath, Eyes, Memory a 1994, shekara 13 kacal. Ashe wanda ya tafi da wayonsa ya fi saurin nuna, tun da ya tafi da kayan haɗinsa daga gida. Julia Alvarez ta koma Amurka a 1960 tana da shekara goma, lokacin da iyayenta suka gudu daga mulkin Trujillo na Jamhuriyar Dominika, amma How the García Girls Lost Their Accents sai a 1991 ya fito. Wannan ita ake kira togaciya, kuma dokar da ba ta da togaciya ba a ganin girmanta a jami'a.

Da wuya ka buɗe littafin fannin nan ba ka tarar da sanyi yana jiran yaro a bakin filin jirgi ba. Darling ta We Need New Names, littafin NoViolet Bulawayo na 2013, ta baro satar gwaba da ƙawayenta a Zimbabuwe ta sauka cikin dusar ƙanƙarar Detroit. Wadda ta fi burge ni ita ce Lucy ta Jamaica Kincaid, littafin 1990, 'yar shekara 19 daga tsibiran Karibiyan, wadda ta tashi da safe a watan Janairu ta ga rana ta fito fes, ta saka rigar shan iska, sai ta tarar ranar can haske kawai take bayarwa. A wurin mutumin Sakkwato wannan ya fi labarin aljanu ban mamaki. Saboda haka mai wannan risala yake ware babin ƙanƙara ya ajiye sai watan Afrilu, da tsakar rana, bayan an ɗauke wuta. Ba ya rage zafi, amma yana rage hassada.

Sai rigimar suna. A The Namesake na Jhumpa Lahiri, na 2003, Ashoke da Ashima 'yan Kalkata sun haifi ɗa a Massachusetts, suna jiran wasiƙar kakar Ashima mai ɗauke da sunan yaro, wasiƙar ta ɓace a hanya, asibiti kuma ya ce ba a fita da jariri ba suna. Uban ya ce a rubuta Gogol kafin nan, sunan marubucin Rasha da yake karantawa a daren da jirgin ƙasa ya kife da shi a 1961 ya tsira. Kafin nan ɗin ya zauna daram, yaro ya yi ta jin nauyin sunan har ya je kotu ya koma Nikhil. Bahaushe yakan karanta wannan da ɗan mamaki, domin shi da sunan yanka da sunan rana da wanda kaka ta laƙaba da wanda uwa ke sakayawa da shi yake yawo, ga kuma sunan garinsu da rajistar makaranta ta manna masa a baya, bai taɓa rasa barci a kai ba. Amma kada a yi saurin dariya. Shi a garinsu duk sunayen nan an iya faɗarsu. Fa'ida ga mayu: uban Gogol ya ba shi littafin takwaransa yana da shekara 14, bai buɗe ba sai yana da 32, bayan uban ya rasu. Shekara 18 littafi yana kanta yana jiran ranarsa. Wanda surukai suka matsa wa yana iya kafa hujja da wannan.

Abinci ba sai an ja ba. Littafin Lahiri da shi ya buɗe: Ashima da tsohon ciki tana cakuɗa Rice Krispies da gyaɗa da albasa da barkono da lemon tsami, tana neman ɗanɗanon abin da ake sayarwa a titin Kalkata, kuma ba ya fitowa daidai. A fannin nan kullum akwai abu ɗaya da babu a kasuwar can. Duk wanda ya taɓa ɗaure wa matafiyi kuka da yaji da kilishi, ya kuma ji labarin abin da jami'an kwastan suka yi da kilishin, ya riga ya karanta wannan babi.

Yanzu mun iso inda maganar take. A yawancin littattafan nan yaro ne ke fara jin harshen gari, don haka shi ke zama bakin gidan. Kimberly ta Girl in Translation, littafin Jean Kwok na 2010, tana da shekara 11 aka kawo ta Brooklyn daga Hong Kong, da rana makaranta, da yamma masana'antar ɗinki tare da uwarta, kuma duk takardar da ta shigo gidan ita ke karantawa. Yaro ke yi wa uwa tafinta a gaban likita, a gaban malami, a gaban mai gidan haya. Ya ga yadda ake ɗaga mata murya ana jan kalmomi, ya ga ta yi murmushin wanda bai gane ba, sai ya fara jin kunyarta. Daga jin kunyarta a fara tafiya gaba ana barin ta a baya a kan titi. Bayan shekara talatin, bisa Dokar Nuna, sai a zauna a rubuta littafi don neman gafara, cikin harshen da ita ba za ta iya karantawa ba. Wannan shi ne fannin gaba ɗayansa, ƙanƙara da suna da albasa ado ne. Marubutan da suka iya sun san haka, ba sa kuma ɓoyewa. Littafin Vuong wasiƙa ce sukutum daga ɗa zuwa ga uwa mai aikin gyaran farce, wadda ba ta iya karatu ba, kuma ɗan ya faɗi haka tun da fari. Kincaid ta juya abin: uwa ce ke aiko wasiƙu daga gida, Lucy ta iya karatu sarai, amma ta ƙi buɗewa ta yi ta tarawa, har labarin rasuwar mahaifinta ya zauna cikin ambulan sai da wata ta zo ta faɗa mata da baki.

Saboda haka mai wannan risala ya ƙirƙiro Ma'aunin Uwa, wanda ya fi lissafin Nancy Pearl sauri, kuma ba ya bukatar takardar haihuwa. Yadda ake aiki da shi: a tsallake gabatarwa da yabon da manyan marubuta suka rubuta a bango, a nemi wurin da uwa ta fara buɗe baki, a duba ko an bar ta ta kai ƙarshen maganarta da hankalinta. In an same ta tana magana guntu-guntu, ba ta da aiki sai zuba abinci da tambayar yaushe za a yi aure, to marubucin bai gama girma ba, ko da ya ci kyauta. A mayar wa mai shago.

Wanda ya kafa tuta a wannan ma'auni shi ne Henry Roth, a Call It Sleep na 1934, labarin David, ɗan Yahudawan da suka zo New York daga gabashin Turai. Dabararsa ita ce, duk abin da aka faɗa a cikin gida da harshen Yidish sai ya rubuta shi da Turanci mai tsabta da daɗin ji, Turancin titi kuwa ya rubuta shi a karye yadda yake fita daga bakin yaran unguwa. Sai ga Genya, uwar David, matar da ba ta iya tambayar hanya da harshen gari ba, ta fi kowa fasaha a littafin. Sakamakon wannan adalci shi ne littafin ya nutse, Roth ya koma jihar Maine yana kiwon agwagi. A 1964 aka sake buga shi da bango mai laushi ya sayar da kwafi fiye da miliyan ɗaya. Littafin labarinsa na gaba sai a 1994 ya fito, shekara 60 bayan na farko, abin da ke nuna Dokar Nuna tana iya maimaita kanta a kan mutum ɗaya. Amy Tan ma ta yi ƙoƙari a The Joy Luck Club na 1989: labarai 16 na iyaye mata huɗu 'yan Sin da 'ya'yansu mata huɗu a San Francisco, ta raba fili ta ba iyayen nasu babobin su faɗi abin da suka baro a baya. Mai karatu mai gaskiya zai yarda cewa da an zo babin 'ya'yan, da matsalolinsu na miji da ofis, sai ya fara leƙa shafuka nawa suka rage a koma wurin tsofaffi.

Uba ba shi da ma'auni, domin a fannin nan ko dai ya yi shiru ko ya yi kuskure. Amma kuskure ɗaya ya cancanci a tsaya a kansa, saboda shi ne gwajin kimiyya mafi tsari da aka taɓa yi a kan tarbiyya. A White Teeth na Zadie Smith, na 2000, Samad Iqbal ɗan Bangaladash, mai hidimar teburi a gidan abinci a Landan, yana da tagwaye maza, yana tsoron Ingila ta lalata su, kuɗinsa kuma na mutum ɗaya ne. Sai ya mayar da Magid gida ya samu tarbiyya, ya bar Millat a Landan. Magid ya dawo ya fi Turawa turanci, ba ruwansa da addini, yana taya wani masanin kimiyya aiki a kan ɓera. Millat da aka bari a Landan shi ya faɗa ƙungiyar masu zafin ra'ayi. Iyayen da ke shirin turo yaro Kano ko Zariya “ya ga yadda ake rayuwa” su lura: gwajin bai ce kada a turo ba, cewa ya yi ba a san wanne za a turo ba.

Akwai wani aibu da ya zama ruwan dare a fannin, kuma a nan mai risala zai ajiye sanyin murya kaɗan. Marubuta da yawa na auna girman yaro da yawan abin da ya yar: ya yar da harshe, ya yar da abinci, ya yar da ibada, shi ke nan ya zama mutum, a rufe littafi. Wannan lissafin ɗebewa ne kawai, kuma ko a firamare ana koyar da tarawa. Shi ya sa Minaret na Leila Aboulela, na 2005, yake da kantarsa daban. Najwa 'yar babban jami'in gwamnati ce a Khartum, 'yar jami'a mai mota, aka yi juyin mulki aka kashe mahaifinta, ta tsinci kanta a Landan har ta kai ga aikatau a gidan masu kuɗi, kuma girmanta ta hanyar masallacin Regent's Park ya zo. Ko mutum bai yarda da zaɓinta ba, ya ga an yi tarawa.

Sauran tambaya ɗaya: shi mayen da ke zaune a Kano ko Damagaram yana karanta waɗannan, a ina yake cikin labarin? Da farko yakan ɗauka shi ne yaron. Bincike mai zurfi ya nuna ba shi ba ne. Shi ne wayar da ke ƙara cikin dare. Idan ƙarfe takwas na safe ta yi a Kano, a New York biyu ne ko uku na dare, gwargwadon lokacin shekara, kuma a littattafan nan mutanen gida ba su taɓa yin wannan lissafi ba. Fatou Diome ta Senegal, a Le Ventre de l'Atlantique na 2003, ta ba mu cikakken hotonmu: Salie tana Strasbourg tana fama, ƙaninta Madické yana tsibirin Niodior yana kira ta biyo shi da kuɗinta, ta ba shi labarin wasan ɗan ƙwallo Maldini, ta kuma kawo shi Faransa ya buga ƙwallo. Ƙarshenta kuɗin buɗe shago ta aika masa ya zauna gida, wanda shi ne hukunci mafi sauƙi da aka taɓa yanke wa mutumin gida a fannin. A wurin Bulawayo kuwa an ba na gida baki: Chipo, ƙawar Darling da aka bari a Zimbabuwe, ta wanke ta tas ta waya, ta nuna mata wanda ya tafi ba shi da hurumin kukan ƙasar da ya bari. Kowa ya bar gida gida ya bar shi ke nan, sai dai ita Chipo ba da sigar karin magana ta faɗa ba.

An yi saɓani ko Hausa tana da nata a fannin. Masu cewa tana da shi suna kafa hujja da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, aka buga shi a 1934, shekara ɗaya da littafin Roth, ba tare da ɗayansu ya san da ɗaya ba. Umar yaro ne ɗan Kagara da aka sace, Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi daga Kano ya tsallaka Sahara da shi, ya tashi a ƙasar Larabawa ya zama malami. Masu musu suna cewa wanda aka sace ba ɗan ci-rani ba ne, kuma maganarsu da ƙamshin gaskiya, ko da yake ba a ji an nemi shawarar Kimberly ko David kafin a ɗauko su ba. Abin da ba a musu a kai shi ne Ma'aunin Uwa. Uwar Umar ba wasiƙa ta aika ba, da kanta ta bi sawu, aka bautar da ita a hanya, ta bi ta Murzuk har Tarabulus, ta ga ɗanta sannan ta cika. Ma'aunin bai da lambar da ta kai nan. A baya-bayan nan akwai Mohammed Naseehu Ali, Bahaushen Kumasi da ya koma Amurka, wanda The Prophet of Zongo Street nasa na 2005 ya raba labaransa tsakanin zango da New York. Kayan aiki kuwa a jibge suke ga mai so: jikokin waɗanda suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, da 'ya'yan Sabon Zango na Accra, da yaran da aka haifa a Makka ana ce musu Takari a titi, a kawo su Kano a ce musu Larabawa.

Tanbihi ga mutanen gida. Bisa Dokar Nuna, yaron da aka tafi da shi a 2010 littafinsa zai fito tsakanin 2023 da 2043, wato ƙofa ta riga ta buɗe. Don haka idan an kawo 'ya'yan ɗan'uwa hutu, kada a damu da mai rashin kunya, wannan lauya zai zama. A sa ido a kan shiru-shirun da ke zaune a lungu yana kallon kowa. Kada a yi dariyar Hausarsa. Kada a tare shi da “ka gane ni kuwa?” alhali yana goye aka rabu. Kada a yanka kaza a gabansa, domin wannan babi ne guda da an riga an rubuta, jira kawai yake a ba shi kazar. In Gwaggo za ta yi zancen wa za a haɗa shi da ita, ta bari sai ya fita. Kawu kuwa, in zai roƙi waya, ya ja uban yaron gefe, bayan gida ya fi, kuma kada ya ambaci lambar samfurin.

Wanda ya riga ya aikata ɗaya daga cikin waɗannan, babu kaffara a kansa sai haƙuri. Al'adar fannin ce a canja wa mutum suna, wani lokaci har a mayar da shi wani gari a ƙara masa shekaru. Hular dai da wushiryar da yadda yake gyaran murya kafin ya nemi abu, waɗannan akan bar su yadda suke, don dangi su samu sauƙin ganewa.